Kallon kokawar Olamfik a dandalin United World Wrestling: kaya a cike, amma sai ka iya yarensu

Wanda ya saba da kokawar gargajiya, inda da zarar an kai mutum ƙasa makaɗa sun ɗauka an gama, ranar da ya fara buɗe bidiyon kokawar Olamfik sai ya ruɗe. An yi kaye a gabansa ƙiri-ƙiri, alƙalin wasa bai tsayar ba, sai lamba 2 ta fito a allo aka ci gaba da birgima a kan katifa. Can kuma babu wanda ya faɗi, an busa usur an ɗaga hannun wani. Wannan ruɗani shi ne babban abin da za a auna dandalin United World Wrestling da shi, domin a wajen yawan wasanni babu na biyunsa, amma a wajen koya wa baƙo abin da yake gani, ya bar shi da halinsa.

United World Wrestling, ko UWW a taƙaice, ita ce hukumar kokawa ta duniya. Da sunanta FILA, a 2014 ta sauya suna, hedkwatarta tana Corsier-sur-Vevey a Suwizalan, shugabanta Nenad Lalović na Sabiya. Abin da take ba mai kallo kashi uku ne: tasharta ta YouTube wadda kyauta ce, shafin sakamako mai suna Arena wanda shi ma kyauta ne, sai UWW+ na kallon gasa kai tsaye da ake biyan kuɗi.

Tashar YouTube ita ce ƙofar shiga. Akwai cikakkun wasanni daga gasar duniya, gasar nahiyoyi da ta matasa, akwai kuma gajerun bidiyoyi na kaye masu kyau. Wasa ɗaya zagaye biyu ne na minti uku-uku da hutun daƙiƙa 30 a tsakani, saboda haka ko da tsaye-tsaye da gardamar alƙalai, bidiyo ɗaya ba ya cin data kamar wasan ƙwallo. Amma kada a sauke ingancin hoto ƙasa da 480p a waya, don daga nan ƙananan alamomin allon maki sukan narke, kuma rabin labarin wasan a cikinsu yake. Saurin kaye ya fi ƙarfin ido, sai a rage gudun bidiyon zuwa 0.5, ko 0.25 in ana son ganin inda ƙafa ta taka. A kwamfuta, in an tsayar da bidiyo, maɓallin waƙafi da na aya suna matsar da hoto ɗaya-ɗaya baya da gaba. Rubutun da YouTube ke yi da kansa a ƙasan bidiyo kuwa a kashe shi kawai, don sunayen 'yan Dagestan da Jojiya da Iran yakan mai da su wani abu daban.

Abu ɗaya da zai ba mai nema haushi: wasannin Olamfik kansu haƙƙinsu na kwamitin Olamfik ne, ba na UWW ba. Wanda ke neman wasan ƙarshe na Blessing Oborududu a Tokiyo, inda ta ci wa Najeriya azurfa a ajin kilo 68 bayan Tamyra Mensah-Stock ta Amurka ta doke ta 4-1, a tashar Olamfik zai nema.

Kafin a zo ga bakin mai sharhi, sai an karanta sunan bidiyo. FS na nufin firistayil na maza, inda aka yarda a kama ƙafa a kuma yi taɗiya. GR shi ne Gireko-Roman, wanda daga ƙugu zuwa ƙasa haramun ne, ba a kamawa, ba a harɗewa. WW kokawar mata ce, dokarta irin ta firistayil. BW kuma ta rairayi ce, wadda ta fi kama da tamu: da'ira a kan yashi, a tsaye ake yi, wanda ya riga kai maki uku ya ci. Lambar da ke gaba nauyi ne, kilo 57 zuwa 125 a firistayil na maza, 50 zuwa 76 a mata. Kuma a lura, NGR Najeriya ce, NIG Nijar ce. Mutane da yawa suna juya su.

Yanzu ga yaren. Masu sharhin da Turanci suke yi, kuma suna magana ne kamar kowa tsohon ɗan kokawa ne. Kalmar da za ta fi dukan kunne ita ce tekdawun. Wannan shi ne kayen da ke ba da maki biyu, amma faɗuwa kaɗai ba ta isa ba: sai ka kai shi ƙasa, ka zagaya bayansa ka riƙe shi, kuma gaɓoɓinsa uku sun taɓa katifa, wato hannu biyu da gwiwa ɗaya, ko gwiwa biyu da hannu ɗaya ko kai. Shi ya sa za ka ga mutum yana bayan abokin karawarsa, koci na ihu, amma alƙali ya ƙi ɗaga yatsu, saboda na ƙasa ya dogara da tafin hannuwa da ƙafafu ya hana gwiwarsa sauka. In aka ɗauke mutum daga tsaye aka kai shi kai tsaye kan bayansa, maki huɗu ne. In an ɗaga shi sama aka yi da shi baka a iska kafin a doka shi, kamar a jifan da suke kira sufales, biyar ne, wanda shi ne mafi tsada.

Idan mai sharhi ya ce shot, ba harbi ake yi ba, nitso ne zuwa ƙafafu. Singul-leg kama ƙafa ɗaya, dabul-leg kama biyu, hai-kuroc kuma hannu ya shige can saman cinya, kan mai kamun yana waje da ƙugun abokin karawa. Duka ukun abu guda ke lalata su: mutum ya sunkuya da baya ya miƙa hannu daga nesa, maimakon ya lanƙwasa gwiwa ya rage tsawo sannan ya shiga da ƙirji a miƙe. Wanda ya shiga kai a ƙasa ya gamu da sifrol, wato ɗayan ya watsa ƙafafunsa baya ya sakar masa nauyin ƙugu a wuya da kafaɗa, daga nan ya maƙale masa kai ko ya zagaya baya ya karɓi biyun da aka zo nema. A rage gudun bidiyo a duba gwiwar gaba ta mai nitso da inda idonsa ke kallo, tun kafin ya taɓa ƙafar za a san ko zai ci.

A tsaye kuma akwai faɗan hannu da baƙo ke ɗauka ɓata lokaci ne, alhali nan ake cin wasa. Andahuk shi ne ka zura hannu ƙarƙashin hammatarsa ka ɗaga kafaɗarsa. Obahuk akasinsa ne, ka naɗe hannunsa ta sama, in kuma ka matse shi da ƙugu don hana kaye sai su ce wiza. Tu-on-wan, wanda Amurkawa ke jingina wa Rasha, hannunka biyu ne a kan nasa ɗaya. Sikirambul kuwa ita ce cakumar nan da ba a san na sama ba a san na ƙasa, kowa na juyi, alƙalai ma sai sun koma bidiyo.

Inda dandalin ya fi buƙatar bayani bai kuma yi ba shi ne kokawar ƙasa. Sunanta fartar, daga Faransanci, kuma 'yan Nijar da suka yi lakwal za su gane ta nan take, ma'anarta a ƙasa. Na ƙasa ya baje a kan cikinsa ya buɗe hannuwa da ƙafafu kamar ƙadangare, na sama yana neman juya shi. Duk lokacin da bayan mutum ya karkata zuwa katifa har kusurwar ta gaza digiri 90, an shiga abin da suke kira denja, wato hatsari, maki biyu ke nan. Hanyar da aka fi bi ita ce gat-rench: ka zagaye cikinsa da hannuwa a daidai ƙasan haƙarƙari ko ƙugu, ka kulle, ka tura shi gaba da ƙafafu har nauyinsa ya hau kafaɗa ɗaya, sannan ka gantsare ka mirgina da shi. Wanda ya mirgina ba tare da ya fara turawa ba, ko kullinsa ya yi sako-sako, shi ke ƙarewa a ƙasa, na ƙasan ya tsallake shi ya haye kansa. Ɗayar hanyar leg-les ce, a firistayil kaɗai: ka harɗe idon sawunsa biyu, ka rungume su a ƙirji, ka yi ta mirginawa kamar ana naɗe tabarma.

Lissafin nan shi ke bayyana wasannin da ke ƙarewa cikin minti ɗaya babu wanda aka danne. Kaye ɗaya maki biyu, juyi huɗu maki takwas, goma ke nan. Tazarar maki goma a firistayil, ko takwas a Gireko-Roman, tana rufe wasa nan take. Sunan wannan fifikon gwaninta, masu sharhi kuma sukan gajarta shi su ce tek.

Danne kafaɗu biyu a katifa shi ne fol, Amurkawa su ce fin, a tsohon yaren alƙalai na Faransanci kuma tush. Wannan ba ruwansa da maki. A Tokiyo, Odunayo Adekuoroye tana gaban Anastasia Nichita ta Moldoba da 8-0, saura maki biyu ta rufe wasa, aka juya ta aka danne, shi ke nan. Maganin danniya shi ne burij, gada ke nan: mutum ya dogara da kai da tafin ƙafafu ya bankare ya ɗaga kafaɗunsa daga katifa. Shi ya sa wuyan ɗan kokawa ke kusan kai faɗin kansa. Kunnuwan nan kuma masu kama da dunƙulen ƙullu, jini ne ke taruwa tsakanin fata da guringuntsi saboda gugar kai, in ba a zuƙe shi da wuri ba ya daskare. Suna kiransa kunnen farin kabeji, kuma a wajensu abin tinƙaho ne.

Katifar kanta tana da yare. Da'irar kokawa mita 9 ce, a bakinta akwai zobe ruwan lemo mai faɗin mita ɗaya. In ka ji alƙali na cewa zon tare da kiran ja ko shuɗi, gargaɗi ne cewa mai wannan launi ya shiga zoben, ya dawo tsakiya. Wanda ƙafarsa ta fita waje gaba ɗaya yana tsaye, an ba ɗayan maki ɗaya. Sauran kiraye-kirayen alƙali gajeru ne: akshon, ka yi wani abu, kontak, ka kama shi, ofin, ka buɗe jiki ka daina dunƙulewa.

Sai fasibiti, noƙewa, wadda ta fi komai jawo zagi a ƙasan bidiyo. A firistayil, bayan gargaɗin baki, ana ɗora wa mai noƙewa agogon daƙiƙa 30. In mai noƙewar bai ci maki a cikinsu ba, abokin karawarsa ya samu ɗaya. In an kai minti biyu a zagayen farko allo na 0-0, dole alƙalai su zaɓi wanda za su ɗora wa agogon, ko da dukansu suna ƙoƙari. A Gireko-Roman hukuncin ya fi zafi: maki ɗaya, sannan a ba ɗayan zaɓin a kwantar masa da mai noƙewar a ƙasa. Gwanin gat-rench in ya samu wannan dama, ɗaya da juyi huɗu, 9-0, an tashi. Wanda bai san wannan ba zai ga minti biyu na ture-ture, sai kuma wasa ya ƙare cikin daƙiƙa ashirin, ya ce an yi maguɗi.

Dokokin nan ba su daɗe haka ba. A Fabrairun 2013 kwamitin zartarwa na Olamfik ya ba da shawarar a cire kokawa daga wasannin 2020, aka yi ta kai ruwa rana har Satumba a Buenos Aires aka mai da ita. A tsakanin nan ne aka watsar da tsarin zagaye uku na minti biyu-biyu aka koma tara maki a zagaye biyu. Saboda haka tsofaffin bidiyoyin da ke tashar, na kafin 2013, lissafinsu daban ne, kuma babu wani rubutu a jikinsu da zai faɗakar da mai kallo.

Babu kunnen doki a wannan kokawa. In lokaci ya cika 4-4 a firistayil, sai a koma kan sharuɗɗa, su ce kiraiteriya: wa ya yi kamu mafi tsada, in daidai ne wa ya fi ƙarancin gargaɗi, in daidai ne wa ya ci makin ƙarshe. Mai jifa ɗaya na huɗu ya doke mai kaye biyu na bibbiyu. Allon UWW yana ja wa makin mai rinjayen layi a ƙasa, kuma wannan ɗan layin ne ke ɓacewa in hoto ya yi rauni. Shi ya sa za ka ga ana 2-2 amma ɗaya na kai hari kamar zai mutu ɗayan na kare kansa: duka biyun sun san wa ke gaba, mai kallo ne kaɗai bai sani ba.

Alƙalai uku ne, na kan katifa, na gefe da shugaban katifa, kuma sai biyu sun yarda maki ke zama. Koci in bai gamsu ba ya nemi calenj, a duba bidiyo. Da dunƙulen soso ake jefawa cikin fili, yanzu a manyan gasa maɓalli ake dannawa. In ya yi gaskiya a gyara, damarsa tana nan. In ya faɗi, an ba abokin karawa maki ɗaya, damar ta tafi. Wasan ƙarshe na kilo 125 a Tokiyo misali ne: Gable Steveson na Amurka yana baya 8-5 saura 'yan daƙiƙu, ya yi kaye biyu a jere ya koma 9-8, ɓangaren Geno Petriashvili na Jojiya suka nemi a duba, suka faɗi, sakamako ya zama 10-8. Akwai kuma laifin gudun kamu. A Rio 2016 Ganzorig Mandakhnaran na Mongoliya yana gaba 7-6 a wasan tagulla, ya fara murna yana zillewa kafin lokaci ya cika, aka ba Ikhtiyor Navruzov na Uzbekistan maki, masu horar da ɗan Mongoliyan suka yi gardama suka ƙara asarar ɗaya, har suka tuɓe riguna a gaban alƙalai.

Shafin Arena shi ne ɓangaren da ya fi cancantar yabo, kuma shi aka fi rainawa. Rubutu ne kusan zalla, yana buɗewa ko da intanet na jan ƙafa. Ka zaɓi gasa, ka zaɓi nauyi, ka ga jadawalin wa zai kara da wa, a wace katifa, wasa na nawa, da sakamako yayin da ake yi. Matsalarsa haruffa ne da babu fassararsu a kusa. VFA nasara ce ta danniya. VSU fifikon gwaninta ne wanda aka doke bai ci ko ɗaya ba, VSU1 kuma ya ci wani abu. VPO da VPO1 nasara ce da maki bayan cikar lokaci, bambancinsu iri ɗaya ne da na sama. VIN rauni, VFO bai fito ba, VCA gargaɗi uku, DSQ kora. Lambobin da ke gefe irin 5-0, 4-1 ko 3-1 ba makin wasan ba ne, makin jeri ne da ake amfani da su wajen tsara matsayi. Mai gaggawa zai ga 3-1 ya je ya yaɗa cewa da haka aka tashi, alhali wasan 7-4 ne.

A jadawalin ne kuma za a gamu da rifeshaj, wata kalmar Faransanci mai nufin tsamo wanda ya nitse. Duk wanda ɗaya daga cikin masu zuwa wasan ƙarshe ya kayar, ana dawo da shi ya nemi tagulla, kuma tagulla biyu ake bayarwa a kowane nauyi. Don haka in ɗan ƙasarku ya faɗi da safe, kada a rufe shafin, a koma goyon bayan wanda ya kayar da shi. A manyan gasa kamar ta duniya da Olamfik, gasar kowane nauyi kwana biyu ce, kuma kowace safiya sai an hau sikeli. Vinesh Phogat ta Indiya ta kai wasan ƙarshe na kilo 50 a Faris 2024, washegari ta ɗara da giram 100, aka cire ta ba ko lamba.

Wanda ya bi shawarar YouTube daga tashar UWW zai faɗa bidiyoyin jami'o'in Amurka, kuma nan kalmomi iri ɗaya ne ma'ana daban. Tasu kokawar, fokstayil, tekdawun maki uku ne tun 2023, kuɓucewa daga ƙasa maki ɗaya, riƙe mutum a ƙasa fiye da yadda ya riƙe ka da minti ɗaya maki ɗaya, tazarar rufe wasa kuma 15. Mirginawar gat-rench da ke cin wasa a gasar duniya, a can ba ta ba da komai sai an tsayar da bayan mutum a karkace alƙali ya ƙirga.

UWW+ na mai bin gasa ne da gaske. Amfaninsa shi ne zagayen safe, inda ake kokawa a katifu uku ko huɗu lokaci guda ka zaɓi wadda kake so, kuma a nan ne mafi yawan 'yan Afirka ke fitowa, wasanninsu kuwa ba lallai su kai ga gajerun bidiyoyin kyauta ba. Sai dai a waɗannan zagaye sau da yawa babu mai sharhi, daga ƙarar usur sai ihun koci cikin Rashanci ko Farisanci ko Turkanci. Ga mai koyo wannan ba asara ba ce in ya riga ya iya karanta allo, ga sabon shiga kuwa duhu ne. Biyan kuɗin da katin da ke aiki a ƙasashen waje ake yi, kuma haƙƙin nuna wasu gasa ya danganta da ƙasar da kake, don haka a duba ko gasar da ake so tana buɗe kafin a biya. Lokaci bai cika zama matsala ba in a Turai ake yi, kamar Belgired a 2022 da 2023 ko Zagreb a 2025, tazarar awa ɗaya ce da agogon Najeriya da Nijar a watan Satumba.

Kundin dokoki yana shafin hukumar kyauta, amma rubutu ne na alƙalai, sashe bayan sashe, ba na mai kallo ba, kuma ana yi masa gyara a kai a kai, sai a duba shekarar da ke bangonsa. Mai horar da yara ko mai son zama alƙali ya sauke shi. Mai kallo kuwa ya fara da wasan Kyle Snyder da Abdulrashid Sadulaev na gasar duniya ta 2017 a Faris, wanda Snyder ya ci 6-5, sannan ya bi da na 2018 a Budafes inda Sadulaev ya danne shi cikin minti ɗaya da 'yan daƙiƙu. Na farkon ya kalle shi sau biyu, ɗaya da gudunsa, ɗaya a 0.5 ido a kan allo, yana faɗa wa kansa dalilin kowane maki kafin mai sharhi ya faɗa.